Bayan Tallan Sabulu

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ba ta san ƙwallo ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Ɗakinta yana jikin falona, kuma shekara da shekaru in na kunna wasa sai dai ta wuce ta bakin ƙofa da butarta tana cewa, "Ƙarti da gemu suna bin fata ɗaya. Allah ya kyauta." Ni gyaran firji nake yi, ƙwallon ƙetare kuma nake kallo. Babbar gasar ƙasarmu kuwa, don dai tana cikin dikodar da nake biya ne, amma ko kallo ba ta ishe ni ba.

Wata Asabar da la'asar ina jiran a fara wasan ƙungiyata, na bar talabijin a kan gasar gida don kawai a ji motsi a ɗakin. Gwaggo ta shigo rungume da fankarta, wai ta daina juyawa. Tana cikin yi min bayani sai wani ɗan wasa ya faɗi yana birgima, alƙalin wasa ya ɗaga hannu, wasu mutane masu riguna ruwan ɗorawa suka shigo fili a guje da gadon ɗaukar wanda ya ji rauni. Ji na yi fanka ta faɗi a ƙasa.

"Babana, tsayar da shi! Tsayar!"

Sunan mahaifinta aka sa min, shi ya sa take kirana Babana. Na ce, "Gwaggo, ai ba a tsayarwa, yanzu ake yin sa." Ba ta ji ni ba. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ɗora yatsa a kan mutumin da ke riƙe da gadon ta baya.

"Auta ne. Dubi kafaɗarsa ta hagu. Haka ubansa yake gudu."

Auta shi ne ɗanta namiji tilo. Bayan rasuwar ubansa ya ɗauki keken ɗinkin marigayin ya sayar, wai zai tafi babban birni gwajin ƙwallo. Gwaggo da zafin zuciya, irin namu na gado, ta ce kada ta sake ganin ƙafarsa a gidan nan. Shi kuma ɗan taurin kai ya riƙe maganar kamar an ba shi amana. Daga baya muka ji gwiwa ta hana shi wasa, daga nan kuma shiru. Na duba da kyau kafin kyamara ta kauce. Shi ne. Ya yi ƙiba, gashi ya fara janyewa a goshi, amma wallahi shi ne.

A makon na ba wani direban babbar mota da ke bin hanyar saƙo. Ya samu Auta a ƙofar filin wasa, ya dawo da amsa wadda ba ta cika baki ba: a gaishe ta. Raina ya ɓaci, na ce zan je da kaina in ja shi da kunne. Gwaggo ta ce in zauna. "Ni na kore shi. Yana da rai, yana da aikin yi, ina kuma ganinsa. Ka bar min haka."

Tun daga nan na rasa falona. Duk ranar da ake wasa a filin da Auta ke aiki, tun kafin a busa usur Gwaggo ta iso da kujerarta 'yar tsugunne da carbinta. Ba ruwanta da wa ya ci, wa aka ci. In aka jefa ƙwallo a raga ko gezau. Amma a yi wa wani ƙeta, sai ka ga ta miƙe wuya. Akwai wani mai tsaron baya, mugu, ƙafarsa kamar ta ƙarfe, wanda duk ƙasar ke zagi. Ita kuwa "ɗan albarka" take ce masa. In mutum ya faɗi takan ce, "Allah ya sa ba karaya ba ce, amma dai ya ɗan kwanta." In ya tashi da kansa ya kaɗe wando sai ta yi tsaki: "Ji ɗan banza, gaggawar me kake yi?"

Matata ta taɓa kuskuren kiran gadon nan makara. Kwana biyu Gwaggo ba ta amsa gaisuwarta ba.

Wani wasan a ga Auta sau ɗaya, wani sau biyu, wani ko kaɗan. Ganin ma bai wuce ɗan lokacin da mutum zai sha rabin kofin ruwa ba. Amma da shi take cin mako. Za ta ce ya rame, ko ya yi aski, ko takalminsa sabo ne, tabbas an biya su albashi. Ranar da ya yi dariya da abokin aikinsa suna fita daga fili, har makwabta sai da suka ji labari.

Da kakar wasa ta ƙare sai ga sanarwa tana yawo a ƙasan talabijin. Wani sabon kamfani ya saye izinin nuna gasar gida, shi kaɗai. Wanda nake biya ya riƙe ta ƙetare, kuma don rashin kunya ya ƙara kuɗin wata. An rage maka kaya an ƙara maka farashi, ka ji fa.

Na rufe shago na tafi ofishinsu na unguwa. Wata yarinya mai rigar kamfani ta jero min abin da ake bukata: sabuwar dikoda, sabon faranti a kan rufi, kuɗin mai ɗaurawa, sannan kuɗin wata. Na ce mata wasa ɗaya nake so a mako, shi ma ba duka ba, wurin da ake faɗuwa kawai. Ta dube ni kamar na zare.

"Baba, ba a sayar da shi haka. Kamfani ya zuba kuɗi masu yawa kafin ya samu gasar nan, dole ya mayar da abinsa."

Na ce, "A jikina zai mayar?"

Ta yi murmushin da aka koya musu, ta ce na baya ya matso.

A gida matata ba ta ja magana ba. Ta ce ga makarantar yara, ga haya, ga maganin hawan jinin Gwaggo, dikoda biyu ba za su zauna a gidan nan ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta. Tun ina saurayi nake bin ƙungiyar nan tawa ta ƙetare. Na yi faɗa a kanta, na taɓa ƙin cin abinci a kanta. Na yi kwanaki ina zagaye maganar, ina gyaran firjin mutane ina zagin kamfanoni a cikin raina. Gwaggo kuwa ta ji sanarwar, ta gane sarai, amma ba ta roƙa ba. Abin da na lura kawai, ta mayar da kujerarta ɗakinta, wadda da a bayan ƙofar falo take kwana.

Wannan kujerar ce ta gama da ni. Na hau rufi da kaina na kwance tsohon farantin, na kai wa wani mai shayi ya saya a wulaƙance, na cika kuɗi aka ɗaura min na sabon kamfanin. Na ce wa Gwaggo ƙwallon ƙetaren ne ya gundure ni, duk cuwa-cuwa ce. Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Babana. Amma ba ka iya ƙarya ba."

Ranar wasan farko ta yi wanka ta sa turare, ta ɗaura sabon ɗankwali kamar mai zuwa tarar baƙo. Hoton sabuwar dikodar, a faɗi gaskiya, tar yake, har ciyawa kana gani ɗaya-ɗaya. Gwaggo ta ce yau za ta ga ko tabon goshin Auta yana nan. Aka yi rabin farko ba wanda ya faɗi, tana ta mita wai yaran bana ba su da zuciya. Da aka dawo hutu ɗan albarkanta ya yi aikinsa. Ya kwashe ƙafafun wani ɗan gaba, yaron ya zube yana dukan ƙasa. Alƙalin wasa ya juya ya yafito. A can gefen hoton na hango masu riguna ruwan ɗorawa sun miƙe.

Sai ga wata mata tana dariya, riƙe da sabulu, fararen riguna suna kaɗawa a igiya a bayanta. Ta wanke, ta ɗauraye, ta shanya, yara suka zo suka rungume ta. Aka maimaita sunan sabulun da waƙa. Da hoton fili ya dawo, an riga an fitar da yaron, ana bugun tazara.

Na ce kuskure ne, wani sabon ma'aikaci ne ya danna abin da bai sani ba. Kafin a tashi aka sake faɗuwa, matar sabulu ta sake fitowa. Na kira lambar kamfanin ina huci. Wani saurayi mai sanyin murya ya ce ba kuskure ba ne, duk lokacin da aka tsayar da wasa don duba rauni, gurbin talla ne, an sayar da shi har ƙarshen kaka. Ya ƙara da cewa ai masu kallo ba sa rasa komai, tunda ba a buga ƙwallo a lokacin. Abin da na faɗa masa ba zai maimaitu a gaban yara ba.

Na yi wa Gwaggo bayani a tsaye, na kasa zama. Ta saurara har na gama, ta ce, "To." Ta ɗauki kujerarta ta fita. Ban taɓa jin kunyar tsohuwa irin ta ranar ba, alhali ba ni na yi laifin ba.

Na ɗauka shi ke nan. Amma ranar wasa na gaba a filin, tun kafin usur sai ga ta da kujera da carbi. Muka zauna muna kallo. Can aka kayar da wani, alƙali ya yafito, matar sabulu ta fito da dariyarta. Zuciya ta ɗebe ni, na fizgi rimot zan kashe.

Gwaggo ta riƙe min hannu. Ta ja kujerarta gaba, ta matsa kusa da gilashin kamar ranar farko, ta ɗora yatsa a gefen dama, wajen fararen rigunan, inda mai riƙe da gadon ta baya yakan bi.

"Bar shi, Babana," ta ce. "Yana bayanta. Yanzu haka ya sunkuya zai ɗaga."