Kek Mai Yanka Takwas

"Na mutum nawa?" in ji Riet mai gidan burodi.

"Takwas," Tijmen ya ce.

"Bara na goma sha huɗu ka saya. Ku ma ragin ma'aikatan ya iso gare ku ne? Layinmu kaɗai gida uku sun koma wayam, kullum sai motar kwashe kaya."

Tijmen ya yi mata murmushin manya. Yau ranar haihuwarsa ce, kuma a garinsu Veldhoven mai ranar ne ke kai wa abokan aiki kek. Shi ne shugaban sashe a kamfanin ƙera injinan da ke buga ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, kuma da hannunsa ya rubuta sunayen mutum shida da za a sallama da ƙarfe tara. Kek kuwa sai ƙarfe goma, lokacin shan kofi. Mutumin da ya tashi a gidan da ake ba baƙo biskit ɗaya a rufe gwangwani ba zai sayi yankan da babu mai ci ba.

Ƙarfe tara ta yi, ba a kira kowa ba sai shi.

"Mun ga sunayen da ka kawo," in ji Annelies, shugabar ma'aikata. "Amma da aka zauna aka duba, masu haɗa inji muna buƙatarsu. Masu kiran taro irinka ne suka yi mana yawa."

"Shekara goma sha tara fa, Annelies."

"Na sani. Af, barka da ranar haihuwa."

Da ƙarfe goma ya iske abokan aikinsa cif goma sha uku a ɗakin kofi, sun kewaye kwalin kek ɗin. Sjef, tsohon makanikin da sunansa ke saman takardar sallamar, ya buɗe, ya bi yankan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago ya ƙirga mutane. Kunya ta lulluɓe Tijmen.

"Shida za a sallama, ashe," Sjef ya ce. "Ina ciki, ranka ya daɗe?"

Sjef ya zaɓi yanka mafi girma, ya gatsa.

"Mun ji labarinka, sannu. Kada dai ka manta, mai tafiya shi ke kawo kek ɗin bankwana. Ranar Juma'a ka ce wa Riet goma sha uku."