Birin da Ke Tsaron Goɗiyar Talle

Kwana huɗu ke nan goɗiyar Talle ba ta taɓa harawa ba. Ya jiƙa mata dusa da kanwa, ta sunsuna ta kau da kai. Malamin dabbobi ya zo daga Mayahi a kan babur, ya buɗe bakinta ya dubi 'yan haƙoran da suka rage, ya ce tsufa ne, shi kuwa bai zo da allurar tsufa ba. Talle ya raka shi ƙofar gida, ko godiya bai iya yi masa ba.

Shekara ashirin tana kai shi kasuwanni da kayan igiyar kaba, daga Kanan-Bakashe har Tasawa. Yanzu ita ta gaji, shi ma gwiwoyinsa sun gaji, sai dai shi nasa ciwon bai hana shi cin tuwo ba.

A ginshiƙin rumfarta akwai wata takarda cikin leda. Wata 'yar Japan da ta yi aiki a asibitin garin ce ta ba shi ranar da za ta koma gida, don ya sha kai ta ƙauyukan da mota ba ta shiga. Zanen biri ne mai jar fuska, sanye da 'yar riga, yana riƙe da igiyar doki. Ta ce a katako ake sassaƙa shi, a shafa tawada a danna kan takarda kamar hatimi. Mutanen dā a ƙasarsu, in ji ta, sukan liƙa irinsa a barga, wai biri na kare dawaki daga cuta.

Ranar Talle ya yi dariya har da hawaye. Biri! Wanda ya taɓa ganin aikin biri a gonar gyaɗa, ai ko ɓawo ba zai ba shi ajiya ba. Don kara kawai ya liƙa. Da Liman ya gani ya tambaye shi, "Wanga ado ne ko laya?" ya ce, "Ado ne, Malam," kuma har zuciyarsa haka yake nufi. Amma shekarar da cuta ta kwashe dawaki bakwai a garin, tasa ko tari ba ta yi ba. Tun daga nan ya daina dariyar, bai kuma gaya wa kowa dalili ba.

Yau da hantsi ya ɗaga kai, sai ya ga gara ta shiga ta bayan ledar. Ta cinye birin kaf. Dokin yana nan, igiyar tana nan miƙe, ba kowa a ƙarshenta.

Ya yi istigfari, ya ji kunyar furfurarsa, amma tsoro ya ƙi sakinsa.

"Malam, mi kake kallo tun ɗazu?" in ji matarsa Zara'u daga bakin murhu.

"Gara ta canye shi."

"Wa?"

"Birin."

"To, asarar gari ta ragu. Taho ka sha hura kahin ta yi tsami."

Bai taho ba. Ya kwance igiyar goɗiyar daga turke, ya naɗa ta a hannu, ya zauna a ƙasa kusa da kan goɗiyar, wadda ta riga ta kwanta. Ƙuda na sauka a idonta yana kora. Da azahar ya yi salla nan gefenta, ya sake ɗaukar igiyar.

Zara'u ta iso da ƙwaryar fura. Ta dubi takardar, ta dubi mijinta zaune da igiya a hannu, tsiya ta zo mata har baki. Shekara arba'in ba ta taɓa barin irin wannan damar ta wuce ba. Yau ta haɗiye. Ta ajiye furar, ta jawo zana ta tare masa rana, ta zauna daga bayansa.

Kafin la'asar goɗiyar ta ja dogon numfashi, ba ta ƙara jan wani ba. Talle bai motsa ba.

"Malam, ta tahi," in ji Zara'u a hankali. "Saki igiyar."

"Na sani," ya ce. "Bari dai in ɗan ƙara riƙewa. Ban so ta ga ba kowa."