Yadda Ake Magana a Gidan Su Mas'uda

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da adabin Larabci a wata kwaleji a Azare, kuma ba na son a raina mini hankali. Shi ya sa waƙar da ɗalibata Mas'uda ta kawo a matsayin aikin gida ta tsaya mini a rai.

"Rijiya ta ƙafe, ruwa ya ƙare,
Gero ya kwanta, zangarniya ta sunkuya."

Haka take har baiti ashirin. Kowace magana sai an faɗe ta sau biyu, na biyun da wasu kalmomi masu kusancin sauti. Wannan salon tsofaffin waƙoƙin Ibrananci ne, harshen Yahudawa, da 'yan uwansa, ni kuwa ban ma kai ajinsu wannan darasin ba. Na ce a raina, fassara ta kwaso a waya.

Na kira ta ofis. "Wa ya rubuta miki?"

"Ni ce, Malam. Haka muke magana a gida."

Raina ya ɓaci. Na rubuta takardar kai ta gaban kwamitin satar amsa, inda hukuncin kora ne, na sa hannu. Amma na fi so in kama ƙaryar da kaina, don haka ranar Asabar na tura takardar a aljihu na hau babur zuwa garinsu Bulkachuwa.

A zaure mahaifiyarta, Hajiya Kaltum, ta fito mu gaisa. Mas'uda ta durƙusa dab da ita.

"Inna, malaminmu ya zo. Mai koya mana karatu ya iso."

Na zaci shiri suka yi, na kafe su da ido. Sai yayanta ya leƙo: "Inna, na tafi gona. Na nufi daji."

Mas'uda ta ce, "Sanƙarau ya taɓa mata kunne tun ina goye. Kalmar da ta wuce ta, ko an maimaita wucewa take, sai an sauya wata."

Kunya ta rufe ni. Na dubi tsohuwar na ce, "Hajiya, na zargi 'yarki a kan kuskure."

Ta yi murmushi kawai, ba ta ji ba.

"Malam, sai ka sake da wasu kalmomin," in ji Mas'uda.

Na ɗaga murya. "Na zalunce ta. Ku yafe mini."