Yashin Ɗakin Ya Fanna

Da hantsi ne, rana ta fito tas babu ko gajimare, amma iskar da ke tasowa daga kogin Komadugu tana ɗauke da warin laka. Ina tsugune a bakin tantinmu, a filin da aka sauke mutanen unguwarmu bayan kogi ya cika ya shigo mana gidaje. Ruwan bai zo da hadari ba. Damina ta riga ta wuce, har an dasa tattasai, sai muka ga yana tahowa ta lungu a hankali.

Mahaifiyata, Ya Fanna, tana kwance a ciki. Kunun da na dama mata ya huce a kofi. Tun da muka sauka nan ba ta cin abin kirki, zanenta ma har ya fara yi mata yawa. Mun taɓa gudu sau ɗaya daga Barwa, lokacin tashin hankali. Da muka zo Diffa, ita da marigayi babana suka gina ɗaki ɗaya na laka, ta ce daga shi sai kabari.

"Laminu, an ce ruwa ya janye."

"Haka aka ce, Ya."

"To me kake jira? In mutu a cikin leda?"

Na ce zan je in gyara. Sai ta tashi zaune, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta shiga yi mini bayani tana nuni da hannu kamar ɗakin yana gabanta.

"Ka fara fitar da komai waje ya sha rana. Lakar ƙasa ka kwashe ta tun tana ɗanya, in ta bushe sai da gatari. Bango kuwa kada ka kusance shi da ruwa, tsintsiya kawai. Kwanonina da toka za ka wanke, kada ka sa yashi ya cinye mini fenti. In wari ya ƙi fita, ka sa garwashi a kasko ka zuba turaren wuta, ka rufe ƙofa. Yashin daɓe ka ɗebo daga tudu, fari, ka tankaɗe shi da rariya. Kana ji na, ko kana kallon kaji?"

"Ina ji, Ya."

"Jeren kwanoni kuma manya a ƙasa, ƙanana a sama, furen jikinsu yana kallon ƙofa."

A ranar ta shanye kunun, duk da ya huce.

Na sami ɗakin a tsaye. Ruwa ya bar zane a bango daidai gwiwata, ƙasa kuma laka ce baƙa, da ƙananan kifaye matattu a bayan gado. Na fitar da gadon da akwati da kwanoni. Na yi ta kwasar laka da bokiti har bayana ya ƙage. Da na je neman toka wurin mata masu suyar ƙosai a bakin hanya, suka yi mini caa.

"Laminu, amarya za a kawo ne ba mu ji ba?"

"Amaryar ta haife ni," na ce.

Suka yi dariya, suka cika mini kwano, ɗaya ta ƙara mini da ragowar ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a ƴar jarka, ta ce in wanke ƙafafun gado.

Kowace yamma ina komawa tanti in ba Ya labari. Takan tambaya ko tasar nan mai shuɗin baki ta fita, ko murfin samira ya yi tsatsa. In na ce ya yi kaɗan, sai ta ce in goga masa lemun tsami. Tana tambaya tana cin tuwo, ni kuma ina jan labarin don ta ƙara loma.

Da ƙasa ta sha iska na ɗebo yashi daga tudu, na tankaɗe shi sau biyu, na baza shi lumui, na bi da tsintsiya na yi masa zane irin nata. Na turara ɗakin. Na jera kwanoni a kan katako. Na tsaya a ƙofa ina kallo, wallahi har ya fi yadda yake da.

Da na dawo da safe sai na ga ɓurɓushin jar ƙasa a kan farin yashin, a gindin bango, ya zagaye ɗakin. Na ce ko gara ce, ko ɓera. Na share, na sake tankaɗewa. Washegari ga shi kuma, har ya fi na jiya. Na sake sharewa. Haka na yi ta yi, ban gaya wa Ya ba, don ban san me zan ce ba.

Baba Usmanu, maƙwabcinmu, tsohon magini ne. Nasa ɗakin ya zube tun ruwa bai janye ba, yana zuwa ne yana tsintar azara. Ya leƙo ya same ni da rariya a hannu.

"Kai yaro, kullum shara? Ko matan Diffa ba su kai ka ba."

Na nuna masa ɓurɓushin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tsuguna, ya kafa tsinin sandarsa a gindin bango, ya tura kaɗan. Sandar ta shige kamar cikin tuwo.

"Ba datti kake sharewa ba, ɗana. Bangon ne kake kwashewa da kaɗan-kaɗan."

"Ba zai bushe ba, Baba?"

"Sama ya bushe. Ƙasa ta riga ta mutu. Ni dai ko akuyata ba zan ɗaure a nan ba."

Na koma tanti na tarar Ya ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, har ta samo mai amalanken jaki. Ta ce yau a ɗakinta za ta yi la'asar. Na buɗe baki, na ga yadda idonta ke haske, na rufe. Na ɗora ta a amalanke muka tafi.

Ta sauka da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi ƙamshin turaren, ta dubi yashin, ta dubi jeren daga ƙasa har sama.

"Ka iya," ta ce. "Amma waccan ta saman, furenta bango yake kallo."

Na ɗaga ƙafa zan shiga in juya ta, sai na ji ta riƙe mini riga ta baya. Ba jeren take kallo ba yanzu. Gindin bango take kallo, inda jar ƙasa ta sake zubowa tun sharar safe. Ta bi ta da ido har ta zagayo. Ita ta cuɗa lakar ginin nan da ƙafarta, ba ta buƙatar kowa ya yi mata bayani.

"Kada ka shiga."

"Ya, bari in fito da kwanonin ko da..."

"In jera su ina? Bar su. Ja ƙofar."

Na ja ƙofar a hankali don kada bango ya ji. Na sake ɗora ta a amalanke muka juya.

Da muka isa ta shiga tanti ta kwanta da zanen fitar, ta juya fuska ga tamfol. Na kawo mata tuwo, ba ta waiwayo ba. Na zauna a waje da kwanon a cinyata.

Matar tantin da ke kusa da namu, Meram, wata ƴar gudun hijira daga Najeriya, ta fito sharar yamma. Ta share gaban tantinta, ta iso iyakar igiyar tantinmu, ba ta tsaya ba. Ta share namu har bakin ƙofa, ta zagaye ƙafafuna, ta kwashe sharar a tsohon faranti. Ta buga gindin tsintsiyar a tafin hannunta, ta koma ciki.