Ranakun Da Ba Ta Kwafa Ba

Dakta ta juya shafi uku na littafin, ta koma na farko, ta sake juyawa. Malama Kwaɗi na zaune gaban teburinta a jami'a, jaka bisa cinya, tana jiran yabo.

Ɗalibanta ne suka laƙa mata sunan nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zagayawa bayan katangar makaranta, inda ruwan kwatar unguwa ke taruwa ya zama kududdufi, tana ƙidaya kwaɗi da mazari da tsuntsayen da ke sauka shan ruwa. Ba wanda ya sa ta. In ta shigo ɗakin malamai har toshe hanci ake yi, wai da wasa.

To, bana sai ga jami'a ta ce za ta ɗauki malaman kimiyya shida, ta horar da su wata tara kan binciken halittun da ke rayuwa cikin gari. Sharaɗin dai mutum ya zo da abin da ya daɗe yana lura da shi. Ita kuwa shekarunta sun kai iyakar da aka gindaya, in ba bana ba shi ke nan.

"Malama, wannan rubutu ai kamar na inji," in ji Dakta, shugabar shirin. "Ina na asalin?"

"Shi ne wannan, ranki ya daɗe. Gyara shi na yi."

Gyara kam ta yi! Na asalin tsofaffin littattafan ɗalibai ne guda goma sha huɗu, duk taɓo, tawada ta jiƙe ta bazu, wani shafin ma da mataccen sauro manne a jiki. Shekara ashirin da takwas masu duba makarantu suna koya mata cewa littafi mai datti abin kunya ne ga malami. Saboda haka ta share mako uku da rula da jan biro, ta kwafe komai tsaf cikin littafi ɗaya mai kwali, wata-wata. Ranakun da ta je ba ta ga komai ba kuwa, tsallake su ta yi. Wa ke kai wa manya shafin da babu komai?

Dakta ta ɗora yatsa kan wani wuri. "Shekara ta bakwai, nan akwai kusan kwana arba'in ba rubutu. Ba ki je ba ne, ko kin je ba ki tarar da komai ba?"

"Na je mana!" Sai kuma Malama ta shiga lissafi. A shekarar ce aka buɗe garejin da baƙin mansa ya fara malalowa cikin kwata. Amma a shekarar ce kuma ta yi jinyar ƙafa. Wanne ya riga wanne? Wallahi ta kasa tunawa.

"Ranar da kika je kika tarar babu, ita muka fi nema," in ji Dakta a hankali. "Da ita za mu gane yaushe kwaɗin suka fara ɓacewa, da abin da ya kore su. Ban taɓa ganin malamin da ya bi wuri ɗaya shekara goma sha ɗaya ba. Ki kawo mini tsofaffin, ko sun ruɓe. Gurbi naki ne."

Sai dai Malama ba ta da su. Ranar Asabar ɗin da ta wuce maigidanta yana ƙona shara a tsakar gida, ya ɗago littattafan ya tambaye ta har sau biyu, "Maman yara, kin tabbata?" Ita da bakinta ta ce ya jefa su wuta, kada wani ya gani ya yi mata dariya.

Ta faɗa wa Dakta gaskiya. Dakta ta cire tabarau ta murza ido.

"Kash, Malama. Da wannan kaɗai ba zan iya tsayawa gaban kwamiti ba."

A cikin bas baƙin ciki ya ishi Malama. Da wani ne ya cuce ta, da ta sami wanda za ta yi wa faɗa. Wayarta ta yi ƙara, maigidan ne.

"Yaya, sun yaba da rubutun?"

"Sun yaba," in ji ta. "Sun ce kamar na inji."

Ba ta wuce gida ba, a makaranta ta sauka. An tashi ɗalibai. Ta zagaya bayan katanga. Tifofi sun riga sun juye yashi kan fiye da rabin kududdufin, don shaguna za a gina a wurin. Ta tsuguna bakin ɗan ruwan da ya rage, ta kasa kunne na minti goma kamar yadda ta saba. Ko motsi.

Ta ciro littafin mai kwali, ta buɗe shafin ƙarshe bisa gwiwarta. Ba rula. Ta rubuta kwanan wata da lokaci a karkace, sannan ta rubuta: Na zo. Babu.

Taɓon yatsanta ya ɓata gefen shafin. Ta kai gefen mayafi za ta goge, sai ta fasa.