Haƙoran Anselmi

"Inna, haƙoran Baba za su sake fitowa kamar nawa?"

Hilja ba ta ɗago daga ɗinkin da take yi ba. Tsohon bargon doki take cusawa cikin rigar wasan mijinta, daidai ƙirji.

"Ba za su fito ba, Lempi. Ci abincinki."

Mijin nata, Anselmi, ya yi dariya, wawulonsa ya bayyana. A lokacin zafi mahaƙin tagulla ne shi, kamar kowane namiji a unguwarsu ta arewacin Michigan a Amurka. Da sanyin 1904 ya shigo, aka kafa gasar hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, ta farko da ake biyan 'yan wasa a fili, ƙungiyar garin ta ɗauke shi mai tsaron gida. Tun ba a je ko'ina ba faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ya zubar masa da haƙoran gaba.

"Baban Lempi, wasan yau shi ne na ƙarshe," in ji Hilja. "Na ga shugaban ma'aikata, ya ce gurbinka na nan a ramin tagulla. Jibi ka koma."

"Haba, uwargida, haƙora ne fa kawai."

"Gobe kuma ido ne. Ni ba zan yi wa makaho jagora ba, ga yarinya."

Da la'asar ta naɗe Lempi da mayafai, suka tafi filin wasan. Ta zaɓi bencin sama, nesa da inda faifai ke tsalle. Maƙwabciyarta Fiina ta matsa ta ba su wuri.

"Ke, mijinki dai ya huta da ciwon haƙori! Nawa yana can ƙarƙashin ƙasa, haƙoransa cif, sai cin tuwon mutane."

"Ki bari kawai. Jibi tare za su sauka."

Wasa ya yi zafi. 'Yan ƙungiyar baƙi suka yi ta ruwan faifai, Anselmi na tarewa da ƙirji, fuska a buɗe, don ba mai tsaron gidan da ke rufe fuska. Hilja na rufe wa Lempi ido, yarinyar kuma tana leƙe ta tsakanin yatsu.

Sai jiniyar mahaƙa ta yi kuka. Ba lokacin tashi daga aiki ba ne, kuma ba ta tsaya ba. A garin nan ko yaro ya san ma'anar wannan. 'Yan wasan gida suka tsaya cak. Baƙin ba su san komai ba, suka zura faifai a raga suna ihu su kaɗai. Fiina ta riga ta kai ƙofa, ko mayafinta ba ta ɗauka ba.

Rufin rami ne ya rufta, a ɓangaren da Anselmi ke aiki a da. An fito da mijin Fiina da rai, amma ƙafa ɗaya ta tafi.

Washegari Anselmi ya sauko da fitilar hularsa ta rami yana gogewa. Hilja ta karɓe ta, ta jefa a akwati, ta zauna a kai.

"Miƙo min rigar wasan can. Kafaɗar hagu ba ta ji bargo ba."

"Inna, Baba ba zai koma rami ba?"

"Ci abincinki."

Har yau tana zama a bencin sama, tana rufe wa 'yarta ido. In ka je kallo, ka yi ihunka yadda kake so, amma kada ka kuskura ka yi wa wawulon mai tsaron gida dariya kusa da ita.