Hoton Tsattsewa

"Tsaya haka! Kar ki motsa!" Mai Hoto ya daka wa tsattsewar tsawa, sannan ya danna. Kafin kyamarar ta ce ƙyat, tsuntsuwar ta yi bayan tankin ruwa abinta.

Ba laifinsa ba ne. Mutumin da ya tsufa yana ɗaukar hoton fasfo ya saba duniya ta tsaya masa cak, ta ɗaga haɓa, ta daina ƙifta ido. Su kuwa tsattsewar da ke shawagi a saman benen shagonsa ba su san girman kowa ba.

Autarsa ce ta jawo masa wannan hawan bene. Tun da aka fara dawo masa da hotuna dishi-dishi ta tasa shi gaba, wai yanar ido ce, a je a yi aiki, a rufe shago sai ya warke. Shi kuma tsoron wuƙar likita yake ji har cikin ransa, ya fi kuma tsoron a rufe shagon a ƙi buɗewa. Da gardama ta yi zafi, bakinsa ya kai shi: ai idonsa ko tsuntsu a sama sai ya kama. Auta ta ce ta ji. In ya kawo hoton tsattsewa tana tashi, an bar zancen asibiti har abada.

Da hantsi ya daina ba tsuntsaye umarni. Ya lura da wani lungu tsakanin tanki da igiyar shanya inda suke ratsawa, ya saita nan, da ya ji tsuwwarsu sai ya danna tun kafin su iso. Ya duba ƙaramin gilashin kyamarar, sama ce fayau. Ya goge. Ɗabi'arsa ce ta shago, hoton da ya lalace ba ya bari wani ya gani. Haka ya yi ta dannawa yana gogewa, har wuyansa ya ƙage.

Da la'asar Auta ta hawo da ruwa a kofi.

"Baba, ka sauko haka nan. Rana ta gasa ka."

"Wa ya ce miki na gaji? Tsuntsayen nan ne ba su da tarbiyya." Ya danna, ya duba, ya yi tsaki. "Kin gani? Wannan ma wayam."

Babban yatsansa ya nufi wajen gogewa, ta riƙe masa hannu.

"Tsaya, Baba." Ta kai fuskarta kusa. "Kai! Ga ta nan ai! Ta buɗe fukafukai, har gashinta ana iya ƙirgawa. Wallahi ka ci."

Ya karɓa ya ƙura ido. Ya matso da kyamarar, ya nesanta ta, ya goge gilashin da bakin rigarsa. Sama ce kawai, fari fat, irin wadda ya wuni yana zubarwa.

Auta ta sauke murya. "Alkawari ne, Baba. Ba zan ƙara yi maka maganar ba."

Ya sake duban gilashin sau ɗaya. Sannan ya rataya mata kyamarar a wuya.

"Adana min wannan hoton, kar ki bari na taɓa shi," ya ce. "Likitan nan naki, wace rana yake zama?"